Wai Karatun Lauya Nake Yi

Jiya ina wucewa ta zaure na ji Baba yana gaya wa abokansa wai karatun lauya nake yi.

Ba haka ba ne. Jami'armu ta bar mu mu haɗa kwas da kanmu, ni kuma na haɗa tarihi da zanen gine-gine, saboda gidajen ƙasa na cikin birni da ke zubewa duk damina.

Da suka watse na ce, "Baba, lauya kuma?"

Ya ce, "Uwata, duk na faɗi gaskiya sai su tambaye ni wa zai ɗauke ki aiki. Na gaji."

Ni ma na gaji. Ku da karatunku ba shi da suna, me kuke faɗa a gida?