Kalmar da Yaya Rifkatu ta koya mini

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Rifkatu. Mutane kan tambaye ni ko zafin ya ragu. Nakan ce da sauƙi, don ban san yadda zan gaya musu cewa har yau bai iso gare ni ba.

Malamar firamare ce a Rikoto, tana auren Emeka, mai shagon kayan babur. Ni a aji uku na sakandare na tsaya. Da aka ce wani asibiti zai ɗauki masu shara amma sai an yi gwajin Turanci, ita ta riƙa zaunar da ni gindin mangwaron gidanta kowace yamma, har mako uku.

Wata rana ta ce in faɗa da Turanci cewa na ɓatar da makullina jiya. Na ce, "I losed my key." Ta yi dariya har biro ya faɗi daga hannunta.

"Saratu, wannan kalmar ba ta bin layi. Yau lose, jiya lost. Kar ki ƙara manna mata wutsiya."

Ta ce da ita ake faɗin abu ya ɓata, da ita ake faɗin an cinye ku a ƙwallo, da ita kuma ake faɗin an yi rashi. Na haddace. Na ci gwajin, kuma har yau a can nake aiki.

Ranar da babur ya kife da ita a hanyar Ribah, Emeka ya ciro wayarsa. Ya miƙo mini, ya ce in sanar da danginsa na kudu, waɗanda ba sa jin Hausa. Na rubuta, "We lost Rifkatu today." Na tsaya na duba ko na rubuta daidai. Daidai ne. Na aika. Mata na kuka a tsakar gida, ni kuwa na je na ɗora wa baƙi ruwan zafi.

Yanzu 'yarta Ngozi, da ke hannuna, waya take tambaya in kalma ta shige mata duhu. Ban sani ba ko Yaya za ta so haka. Ina jin karɓar wayar za ta yi, ta dinga jefa wa wayar kalmomi masu wuya har sai ta kama ta da kuskure.

Abin da ta bari ba shi da yawa. Gara ta ci rabin littattafanta, ajinta kuma wata malama ce a ciki. Amma watan jiya wani matashin soja ya kawo mahaifiyarsa asibiti, ya tsaya yana kallona.

"Mama, ke ƙanwar Malama Rifkatu ce?"

Na ce e.

"Ita ta koya mini rubuta sunana. Don Allah ki gaishe ta."

Na ce masa, "Za ta ji." Na ci gaba da goge ƙasa.