Hoto Ɗari Shida a Kati Ɗaya

Duk wanda ya yi aure ko baftisma a Sabon Garin Zariya a shekarun nan, da wuya a ce ba Bernard Shekari ne ya ɗauke shi hoto ba. Mutumin Kudancin Kaduna ne, mazaunin Jushi, siriri kamar sillen kara, ga baki. In ya rataya kyamara a wuya sai ka rantse shi ya ƙirƙiro hoto. Amma Allah ya yi shi matsoraci. Kare, allura, mutum mai ɗaga murya, duk suna kaɗa masa hanji.

A shekarar 2006 ya sayi kyamarar zamani ta hannu, wadda ba a sa mata fim sai ɗan katin ajiye hotuna. Babu littafin bayani, don haka ya yi ta danne-danne har ya faɗa wurin da ake zaɓar yadda za a ajiye hoto. Ya zaɓi RAW, mai ajiye hoto da cikarsa, gilashin bayanta ya nuna katin zai ɗauki hoto talatin. Ya zaɓi babban JPEG, ya ga tamanin. Ya gangara ƙaramin JPEG, ya ga ɗari shida. Mutumin da ya shekara ashirin yana lallaɓa hoto talatin da shida a fim ɗaya! Nan ya barta, yana yi wa masu zaɓar talatin dariyar rashin wayo. Hotunan da yake wankewa ba su wuce tafin hannu ba, kuma tas suke fita.

A cocinsu akwai wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi, ana ce mata Mama Amaechi. Tunda take ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, da ta hango kyamara za ta ja ɗankwali ta rufe fuska. Ranar bikin godiyar amfanin gona ta sha'afa, tana rawa da doya a ka cikin ayarin mata, Bernard ya ɗauke su daga nesa. Bayan wata uku ta rasu.

A wurin gaisuwa ya ji dangi na kukan ba su da hoton da za a riƙe a gaban akwatin gawa, kamar yadda aka saba. Bakinsa ya riga hankalinsa. "Ai ina da ita! Tana ma dariya."

Babban ɗanta Amaechi, mai walda a Chikaji, ƙato ne da ko gaisuwarsa sai ta firgita mutum. Ya kama hannun Bernard ya matse. "Oga foto, ka yi mini shi babba. Firam ɗin ni zan haɗa da hannuna." Washegari kuwa ya aiko da firam na ƙarfe mai girman taga.

Bernard ya hau babur sai Samaru, shagon Omolara, mai kwamfuta da injin wanke manyan hotuna. Ta buɗe hoton. Ga mata sun fi goma, fuskar Mama ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Omolara ta jawo fuskar, ta ƙara jawowa. Idanun suka zama baƙaƙen tabo biyu, dariyar ta farfashe ta koma ƙananan murabba'ai kamar an jera bulo.

"Gyara mana, 'yata," in ji shi.

"Baba, babu abin gyarawa. Ƙaramin JPEG matse hoto yake yi, ya zubar da sauran. Da RAW ne, ko babban JPEG, da na ciro maka fuskar."

"To ina yake zubar da shi? Mu duba cikin katin."

Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai tsorata shi. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya sa ta wanke babban a haka, ko takarda za ta rufa asiri. Takarda ta ƙara tona shi. Ta wanke masa ƙaramin ma, na ayarin matan duka.

Jana'iza jibi. Ya yi tunanin kwantawa ciwo, ya yi tunanin zuwa tashar mota ya gudu ƙauyensu. Sau biyu yana isa bakin layin masu walda yana juya babur. A karo na uku ya tsaya a ƙofar shagon Amaechi, ya sauka. Ƙarar guduma na dukan ƙirjinsa, idonsa na kan sandunan ƙarfen da ke jingine a bango.

Amaechi ya ɗaga gilashin walda daga fuskarsa. "Ka kawo?"

Bernard ya miƙa naɗaɗɗiyar takardar ya ja da baya, yana jiran tsawa. Amaechi ya warware ta a hankali. Ya duba daga kusa, ya miƙe hannu ya duba daga nesa.

"Wannan ba uwata ba ce."

"Laifina ne, Oga. Na zaɓi yawan hoto, na bar kyansa. Ga ƙaramin, a nan ana ɗan gane ta."

Amaechi ya goge hannunsa a wando kafin ya karɓa. Ya zauna a kan benci, ya kai hoton dab da idonsa yana neman ta a cikin matan. Ba tsawa, ba zagi. Da ya yi magana, da kyar Bernard ya ji shi.

"Kwana huɗu ke nan in na rufe ido ba na iya ganin fuskarta. Na ce ba komai, tana wurin mai hoto."

Bernard ya so a ce marinsa aka yi. Ya tsaya da kyamara a wuya, ya rasa inda zai sa idonsa, Amaechi kuma yana ta matso da ɗan hoton wajen haske.