Warƙa Tara Masu Zayyana

Warƙa ɗari biyu da sha biyu ne a cikin gafakar, tara daga ciki masu zayyana. Taran nan wani mai ƙawata otal-otal yake so, zai sa su a gilashi ya rataya a bango. Abin da ya taya ya isa in karɓi rumfar da ke jikin tawa, wadda na shekara shida ina hange. Sauran warƙoƙin ya ce in yi yadda na ga dama da su.

Sana'ata ke nan, saye da sayar da tsofaffin littattafan hannu, kuma ban gaje ta ba. Littafin irin namu ba a ɗinke shi, warƙoƙi ne sake tsakanin fata biyu, don haka zare tara ba ya buƙatar ko wuƙa. Na sha yi. Wannan daga Dala na sayo shi, a gidan wasu jikokin fataken Larabawa da suka rushe tsohon ɗaki.

Larabcina na ciniki ne, sai na hau adaidaita sahu na kai shi Soron Ɗinki wajen wani tsohon malami mai kwafar littattafai, don in san abin da nake sayarwa.

"Ka zo da wata gawar a yi mata fiɗa?" in ji shi.

"Allah gafarta Malam, gawa ba ta ciyar da iyali. Wannan da ransa."

"To, miƙo mu ji ko yana numfashi."

Bayan azahar ce. Rana ta shigo soron ta ƙofa, ta kwanta a kan buzunsa. Ya ɗaga warƙa ɗaya ga hasken, sai ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, kamar an binne su a madara. Ya ce daga ƙasar Italiya takardar ta fito, ta ƙetare teku, ta hau raƙumi. Ya ce mutanen can ma sun taɓa tono littattafan magabata da aka manta, suka karkaɗe su, suka koma kallon ɗan Adam da abin da hannunsa zai iya. Littafin nan kuwa na likitanci ne, yana kawo maganar masu hikimar Yunanawa kan jijiya da barci da baƙin ciki.

Yana karantawa ina gyangyaɗi. Na ga takardar fara fat tana rangaji a bayan raƙumi, ba ta san abin da za a rubuta mata ba. Na ji ƙanshin ƙaro da tawada. Ja da ruwan ɗorawa na zayyanar suka riƙa juyawa kamar ba a gama zana su ba.

Dariyarsa ce ta farkar da ni. Ya juya bayan wata warƙa mai zayyana. Ashe marubucin, duk inda ya gama babi ya yi ado, sai ya huta ya rubuta abin da ke gabansa a gefe. A nan ya ce 'yarsa ta fara tafiya yau, taku uku, ta kifar masa da tawada. Ƙasa da rubutun ga shatin 'yan yatsu huɗu, ko girman ƙwayar gyaɗa ba su kai ba. A wata ya ce idonsa ya fara hazo. A ta ƙarshe ya roƙi mai karatu ya yafe masa karkatar layi.

"Idan aka manna a gilashi, wace fuska za a gani?" Malam ya tambaye ni.

"Ta adon."

"To, ka sayar da rigar, ka jingina mai rigar da bango."

Na ɗora babban yatsana kusa da shatin yarinyar, na daɗe a haka.

Washegari na gaya wa mai ƙawata otal-otal ɗin ba zan raba ba, amma Malam zai zana masa sababbi tara, kuma zan faɗa wa kowa sababbi ne. Ya ce shi tsufa yake saye, ya kashe waya.

Rumfar wani mai sayar da caja ya karɓe ta, kullum ina jin waƙarsa ta bango. Malam ya zana taran duk da haka, huɗu kawai na sayar. Littafin yana soronsa, ɗalibai uku suna zuwa karanta shi ranar Alhamis, ɗaya ma likita ce. Idan na je nakan ƙirga. Ɗari biyu da sha biyu, ba ragi.