Ranar Da Na Kai Keken Yaya Sifawa

Yayata tela ce a Bodinga, kuma shekara ashirin tana ɗinki ba ta taɓa rubuta awon kowa ba. Mace za ta aiko da atamfa daga Dingyadi ba tare da tsohuwar riga ta gwaji ba, Yaya ta lumshe ido ta ce ai wance ta haihu bara, a ƙara mata yatsu uku a ƙirji. Kuma rigar ta zauna daram. Nakan tsokane ta cewa kanta ya fi kasuwar Shagari cunkoso.

Sai ciwo ya same ta, ta ƙafa ya fara. Ta soma jan ta hagu, wata rana idonta ya dushe, ya dawo, ya sake dushewa. A asibiti a Sakkwato likita ya kira wani dogon suna da har yau bakina bai iya ba. Ya ce ciwo ne mai cinye rufin jijiyoyi, kamar yadda ɓera ke gaigaye bayan wayar lantarki, kuma ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa.

Mu kuwa muka lallaɓa ta yadda muka gada. A gidanmu marar lafiya ba ya ɗaga ko tsinke, abin kunya ne 'yan dubiya su tarar da shi yana aiki. Ni ce uwar iyayi. Na sa aka ɗora kekenta na ɗinki a bayan mota aka kai gidan kawunmu a Sifawa, don na san muddin tana ganinsa sai ta hau. Masu kawo ɗinki kuma ni na tare su a zaure na sallame su.

"Mi kunka yi da kekena?" ta tambaye ni.

"Yaya, ki kwanta ki huta. Ƙafar da ba ta kai ki bayi ce za ta taka keke?"

"To ba a saida na hannu? Kaina lahiya tai lau."

Na daka mata tsawa. Ni, ƙanwarta. Ta juya fuskarta bango, ba ta sake tayar da zancen ba.

Wata tara tana kwance, ba abin da take ji sai sannu. Da muka koma asibiti, likita ya gwada ƙwaƙwalwarta da 'yan kalmomi biyar, ta riƙe biyu kacal. Ya tambaye ni ko har yanzu tana ɗinki. Na ce mun hutar da ita, ina jiran ya yaba mini.

"Hajiya, hoton kanta na farko ya nuna ciwon ya daɗe da yin ɓarna," in ji shi. "Kan da ya saba aiki yakan yi ajiya, ya daɗe yana zagaye ɓarnar. Aikin nan na cikin abin da ke riƙe da ita."

Ya ce wataƙila ko an bar mata keken da hakan ta faru. Wannan "wataƙila" ba ta taɓa sanyaya mini rai ba.

A makon na sayo keken hannu na ajiye gabanta, na shimfiɗa atamfata ta Sallah. Ta yi murna har da ƙwalla. Ta ɗauki almakashi, ta dube ni sama da ƙasa, ni da tun ina 'yar firamare take mini ɗinki da ka. Ta daɗe tana kallona.

Sannan ta ce, a hankali, "Ɗauko man tsohuwar rigakki in auna."