Ai-Na-Sani da Wardin Matarsa

Sana'arsa ɗaukar hoto ce, amma ba mai kiransa Mai Hoto sai baƙo. 'Yan layin Ai-Na-Sani suke ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Ka ce masa an ɗauke wuta, ai ya sani. Ka ce masa rigarsa ta yage ta baya, inda ko da madubi ba zai gani ba, ai ya sani. Wata rana maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya ƙirƙiro mutuwar wani mutum da ba a taɓa haifa ba, don gwaji kawai. Ai-Na-Sani ya girgiza kai ya ce tun da safe labari ya iso masa, har ya ƙara da cewa mamacin mutumin kirki ne.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai kallon titi. A ciki akwai labule mai zanen teku da jirgin ruwa, da doguwar kujera wadda soson cikinta ya leƙo, da fitilu masu lema, ɗaya ta daɗe da mutuwa amma ya bar ta tsaye don kwarjini. Hoton nasa kuwa ba abin a zo a gani ba ne. Ya sha yanke wa ango rabin hula, in an yi magana ya ce haka ake yayi yanzu. Abin da ya riƙe shagon shekara da shekaru ba a cikin shagon yake ba. Akwai 'yar ƙofa ta baya da ke buɗewa zuwa tsakar gidansa, a jikin katanga kuma akwai wardi, ja wur, furensa ya kai tafin hannu, ƙamshinsa kan tarbi mutum tun daga bakin titi. Don shi amare ke zuwa, da ɗaliban da suka gama makaranta, da masu sabon ɗinki. Ko da wayoyi suka kashe kasuwar masu hoto, shi bai rufe ba, domin waya tana da kyamara amma ba ta da wannan katangar.

In aka yaba furen, sai ya buɗe tafinsa ya nuna.

"Hannu ne. Wani ko sanda ya dasa sai ta yi fure. Baiwa ce, ba a koyo."

Hannun kam akwai shi, sai dai ba nasa ba ne. Na matarsa ne, wadda 'ya'yanta ke kira Umma, shi kuma tsawon zamansu bai san mata wani suna ba sai "Ke". Ita ta kawo wardin daga gidan gwaggonta, gidan da tuni aka rushe aka yi shaguna a wurin. Irin jan nan saiwarsa ba ta da ƙarfi, don haka aure ta yi masa, kamar yadda ake yi wa mangwaro: ta samo wardin daji mai taurin rai, ta tsaga bawonsa dab da ƙasa, ta cusa idon jan, wato ɗan tohon jikin reshensa, a ciki ta ɗaure. Daga ƙasa ɗan daji, daga sama ɗan gida, inda suka haɗu kuma wani kumburi ya fito kamar gwiwa. Wannan gwiwar ita ce auren.

Kowace bazara, kafin rana ta fito, tana tsugune a gindinsa da bokiti, tana zuba ruwa a hankali don kada ya taɓa ganye. Ta lulluɓe ƙasar da busasshiyar ciyawa da dusar katako. In rana ta juya, ta rataya tsohon buhu daga ƙusa zuwa ƙusa ta yi masa inuwa. Furen da ya gama, ta tsinke. Ƙananan ƙwari in sun taru a toho, ta wanke su da ruwan sabulu. Sannan akwai abin da ya fi ba maigidan dariya: duk sabon reshen da ya ɓullo daga ƙasan gwiwar, sai ta tona da yatsa ta fizge shi tun daga tushe.

"Ke dai ba ki son ganin ci gaba," in ji shi daga bakin ƙofa, da kofin shayin da ita ta haɗa masa. "Shuka na haihuwa kina kashe mata 'ya'ya."

"Ba nata ba ne, na ƙasa ne. In an bar su..."

"Ai na sani."

Ita kuma sai ta ci gaba da aikinta, domin ta daɗe da gane cewa bayan wannan kalmar kunnensa a kulle yake. Shi mutum ne da bai taɓa kallon komai daga gwiwa zuwa ƙasa ba. A hoto ƙafa ba ta da amfani, don haka a rayuwa ma bai ga dalilin sunkuyawa ba. Ya ɗauki wardin nan a hoto ba iyaka, amma ka bincika akwatunansa kaf, ba za ka ga matar ba, sai dai gefen zanenta ko hannunta a lungun hoto, lokacin da ya daka mata tsawa ta matsa tana ɓata masa aiki.

Sanyi na ƙarewa ta kwanta ciwo, kuma ba ta tashi ba. Ya yi kuka, kada a zalunce shi, kukan gaske ma. Amma abin da ya tsaya masa a rai daga baya ba rashin ba ne. Maganar mai gyaran rediyo ce, wanda ya leƙa tsakar gidan wata rana, ya kalli wardin, ya kalle shi, ya ce, "Allah ya jiƙan baiwar Allah. To, Malam, ga zafi nan tafe. Bana za mu ga hannu."

Daga ranar ya ɗaura aniya. Sai wardin ya ƙetare bazarar nan ya fi da kyau, kowa ya san wane ne mai shi.

Autarsu, wadda ke aure a wani gari, ita ce ta tashi a gefen bokitin uwarta. Kafin ta koma gidanta bayan zaman makoki ta same shi a shago, ta durƙusa.

"Baba, don Allah ka bar ni in ɗauki ido ɗaya a jikin wardin Umma, in je in aura a gidana. Shi kaɗai ne ya rage, babu irinsa a ko'ina. In wani abu ya same shi, shi ke nan."

Ya sha mur. "Me zai same shi ina raye? Wato ke ma kin bi 'yan layi, ko? Ba wanda zai sa masa wuƙa yanzu. In ruwa ya sauka ki zo ki ɗiba, ki ga yadda ake aiki."

Zafi ya shigo da ƙarfinsa, irin wanda kwalta ke laushi, karnuka su bar haushi su nemi ƙarƙashin mota. Abu na farko da Ai-Na-Sani ya yi shi ne share ciyawar gindin, wai ƙazanta ce ta mata. Na biyu ya cire buhun, wai yana ɓata hoto. Ban ruwa kuwa ba zai yi da asuba ba, lokacin da ba mai gani. Sai rana ta take, layi ya cika, ya wangale ƙofar gaba da ta baya, ya ja tiyo yana fesa wa ganye ruwa daga sama kamar mai wankin mota, hannu ɗaya a ƙugu. Ya sayo takin zamani ya zazzaga a gindin ba awo. Mai kantin ya fara cewa a irin wannan zafin ba a cika sa shi ba, ya sami amsar da kowa ke samu.

Wardin ya fara nuna wahala. Gefen ganye ya ƙone, toho ya bushe tun bai buɗe ba, furen da ya daure ya buɗe ya fito ƙanana, ya zube kafin la'asar. Hankalin Ai-Na-Sani ya tashi, har ya koma rufe ƙofar baya. Wata amarya ta zo, ta leƙa, ta ce za ta dawo, ba ta dawo ba. Mai gyaran rediyo kuwa gaisuwarsa ce ta ƙara tsawo, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Ana cikin haka sai ga rassa sun ɓullo daga ƙasa, koraye shar, miƙaƙƙu, suna tsawo kamar ana jan su. Ganyensu ƙanana ne, ƙayarsu ta fi yawa, amma wa ya tsaya duba wannan? Baki har kunne, ya sake wangale ƙofa. Ga 'ya'yan da marigayiya ta yi shekaru tana kashewa, yau sun sami mai adalci. Har tausayinta ya ji, baiwar Allah, ta yi iya saninta.

Auta ta kira a waya tana tambayar lafiyarsa, sannan ta gangaro kan abin da ke ranta.

"Baba, ya wardin? Ana sa masa buhun?"

"Wardi sai godiya. Sababbin rassa ma ya yi, sun kusa kai katanga."

"Daga ina suka fito, Baba? Daga sama ko daga gindi? Don in daga gindi ne, ka san Umma tana..."

"Ai na sani. Ina da mutane a shago." Ya kashe. Ba kowa a shagon sai ƙuda.

Da ya tsaya ya kalli katangar da idonsa na mai hoto, abu ɗaya ya ga yana ɓata tsari: tsohon itacen nan na tsakiya, mai ƙonannen ganye da kumburarriyar gwiwa, ya tsaya a cikin sababbin kamar tsoho a hoton 'yan makaranta. Ya aro zarto wurin kafinta. Wannan ne karo na farko da ya tsuguna a gindin wardin, kuma bai tsuguna don ya duba ba. Ya sa zarton ƙasa da gwiwar don kada kututture ya fito a hoto, ya yanke tas. Akwai reshe ɗaya da matar ta ɗaure a ƙusa da ƙyallen tsohon zanenta, ya fizge shi har da ƙyallen, ya jefa duka a bayan banɗaki. Ya wanke hannu yana jin ya yi aiki.

Ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi. Rassan suka haye katanga suka leƙa gidan maƙwabta, ƙaya ta kama wa wata mata mayafi. Ganye kam ga shi nan har ya yi yawa, fure ne dai babu ko na rantsuwa. Ai-Na-Sani ya ce yana tara ƙarfi ne.

Auta ta zo kamar yadda aka yi alkawari, da 'yar wuƙarta da zare, da tukunyar da ta riga ta dasa ɗan daji a ciki yana jiran ido. Ta gaishe shi a shago, ya shige gaba yana taƙama, mai gyaran rediyo ya biyo su ya tsaya a bakin ƙofar baya. Tana ganin katangar ta tsaya cak. Ta ajiye tukunyar, ta durƙusa, ta sa hannu cikin ƙaya tana buɗa rassan, ba ta ko ji suna yagar ta ba. Ta sami wurin, fari, a shafe, da sawun zarto.

"Baba, ina auren?"

"Wane aure?"

"Gwiwar. Inda Umma ta haɗa su. Baba, wannan duk ɗan daji ne. Na Umma daga gwiwa yake zuwa sama. Ina ka kai shi?"

Ya nuna bayan banɗaki da haɓa. Ta je ta ɗauko. Ya bushe ƙamas, ko ido ɗaya mai rai babu a jiki, ƙyallen zanen na nan ɗaure, rana ta cinye launinsa. Ta tsaya riƙe da shi hawaye na zuba, kuma a lokacin ya gane. Ba dolo ba ne, ya gane sarai. Maganar da matar ta yi ta farawa yana katsewa ta dawo masa har ƙarshenta.

"Baba," in ji Auta, "ka ce mini ba ka sani ba. Kuskure ne, kowa na yi. Wallahi in ka ce ba ka sani ba, zan haƙura, mu yi kukanmu tare."

Ƙofa ce ta buɗe masa, mai faɗi, ba abin da za ta ci masa sai kalma uku. Ya kalli 'yarsa. Sannan ya kalli bakin ƙofar, inda mai gyaran rediyo ke tsaye ya sunkuyar da kai, shi ma kunya ta kama shi, ba ya ko neman dariya. Ai-Na-Sani ya gyara wuyan riga.

"Ai na sani," ya ce. "Da gangan na yanke. Ya tsufa."

Ta share fuska da bayan hannu, ta kwance ƙyallen daga busasshen reshen ta ƙulle a bakin mayafinta.

"To, Baba. Tunda ka sani."

Ba ta kwana ba. Tukunyar ma a nan ta bar ta.

Har yau tana kira ta gaishe shi, domin uwarta ta yi mata tarbiyya, amma gaisuwar ba ta wuce ina kwana da ya jiki. Amare sun daina zuwa, labulen teku ya koma shi ne bango. Shi kuwa yana nan, rana na takewa zai wangale ƙofofi ya ja tiyo, yana fesa wa ƙayarsa ruwa hannu ɗaya a ƙugu. Duk wanda ya tsaya sai ya gaya masa baɗi za ta yi fure, kuma 'yan layin sun daina yi masa musu.