Inna Mai-Kitso, Wadda Ba Ta Jiran Addu'ar Rufewa

Kwana shida a mako Inna Mai-Kitso tana kan kujerarta ƴar tsuguno a ƙofar gida, kan wata a cinyarta, tsinke a baki. Ranar Lahadi kuwa a bencin ƙarshe take zama a coci. Da fasto ya ce amin ɗin wa'azi sai ta suri jakarta ta sulale. Shekara ashirin da uku ba a taɓa rufe sujada da ita ba.

Ina take zuwa? Wasu suka ce kasuwa, wasu suka ce wani cocin ta samu. Da maganar ta yi yawa, zumuntar mata ta yanke: Sakatariya ta bi sawunta, in babu dalili a cire sunanta.

Sakatariya mace ce mai son jin ƙwaƙwaf, ta karɓi aikin da murna. Ran Lahadi ta bi Inna a ɓoye, suka hau mota biyu, sai ga su a asibiti, ɗakin mata masu karaya, inda ake kwanciya rigingine wata uku, ƙafa a rataye. Sha ɗaya ake buɗe wa masu dubiya, ƙarfe ɗaya a kore su.

"Ga mai gyaran amare ta iso!" in ji wata daga gadon ƙarshe.

"Ke dai rufe baki, kanki kamar an yi dambe a ciki," Inna ta mayar mata. Ba ta ko waiwayo ba ta ƙara da cewa, "Sakatariya, tunda kin biyo ni, riƙe min kwanon nan."

Kunya ta kama Sakatariya, amma ta matso. Nas ta nuna musu gado na huɗu. Matar ta kwana uku ba ta ci abinci ba, ta kuma hana a kawo mata ƴaƴanta, don gashinta ya cukurkuɗe ya dunƙule a ƙeya, har yana wari.

Inna ta naɗe tawul ta tura ƙarƙashin wuyan matar, ta shafa mai, ta yi ta tsifa sili-sili. Da ta zo kitso, sai ta kora kowane layi sama zuwa tsakar ka, ta bar ƙeya a shafe.

"Wane irin kitso ne wannan, Inna?" in ji Sakatariya.

"Na kwance. In ƙulli ya sauka a ƙeya, kafin Laraba ya zama gyambo."

"To wa'azin fa? Yaushe za ki fara?"

"Hannu biyu gare ni, ƴata, duka suna cikin kai. Wadda ta tambaye ni wa ya aiko ni, ina gaya mata Yesu ne. Wadda ba ta tambaya ba, kitsonta ɗaya da na kowa."

Da aka gama, matar ta ɗaga hannu ta shafa kanta a hankali. Ta dubi nas ta ce, "Sista, a kira min yaran. Kuma akwai sauran shayi?"

A taron zumunta aka tambayi Sakatariya me ta gano. Ta ce, "Na gano inda sauran sujadar take." Aka bar sunan Inna inda yake, mata biyu kuma suka roƙi a koya musu kitson kwance.

Inna, ke ce mai bishara da yatsu. Ba ki taɓa hawa bagade ba, amma matan da ba su san hanyar coci ba sun ji sunan Ubangijinki daga bakin da ke riƙe da tsinke. Bana yatsun sun ƙage, likita ya ce ki huta. Mun gode, Allah ya saka miki.

Ku kuma masu karatu, kowa ya dubi abin da hannunsa ya iya, aski ne, ɗinki ne ko gyaran keke, ya fita da shi ƙofar coci. Yanzu haka gadaje goma sha huɗu ne a ɗakin nan, masu kitso biyu kacal.