Magrib Ƙasa Ce, Ba Magariba Ba

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana, Malam Lawal, malamin tarihi. Da ban yi niyyar rubuta komai ba, amma abin da ke damuna a gida ya sa dole in tuna shi a bainar jama'a.

A shekarun farko na mulkin kai, yana koyar da tarihin Afirka ta Arewa a sakandare. In ya zo hutu Dutsin-Ma, a kanmu ƙannensa yake gwada darasin, a zauren Baba. Ran nan ya ce, "Yau za mu shiga Magrib." Ni kuwa sarkin azarɓaɓi na zabura na ɗauko buta, ga rana tsaka! Ya yi ta dariya har da hawaye.

"Kai Isa, zauna. Magrib ƙasa ce, ba Magariba ba."

Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja layi da tsinke: Katsina, Agadas, sai Gat da Tarabulus a Libiya, cikin Magrib. Ya nuna inda rijiyoyi suke da inda babu. Ya ce fataken zamanin da ba sa shiga Sahara sai da madugun da ya san kowace rijiya da sunanta, kuma duk da haka ba duka ke dawowa ba.

Daga baya aka yi shekaru an cire tarihi daga makarantu. Jikana Bashir ya gama sakandare a Kurfi bai taɓa jin sunan Gat ba. Da ya ce zai tafi Libiya neman aiki, na tambaye shi ta ina. Ya ce, "Haba tsoho, mota ce fa, kwana uku." Na so in share ƙasa in ja masa layin nan, sai na ji nauyin kada ya ce na fara ruɗewa. Na ƙyale shi ya tafi, kuma wallahi abin nan yana cin raina.

Wata bakwai ke nan tun kiran da ya yi daga Agadas, ba mu sake jin muryarsa ba. Uwarsa ta daina tambayata, kallona kawai take yi.

Yaya, da kana raye da ba ka ji nauyin kowa ba, da ka zaunar da shi ko yana so ko ba ya so. Layin nan da ka ja yana nan a kaina, rijiya bayan rijiya, ni ne ban miƙa wa Bashir ba. Yanzu duk sanda aka kira Magariba na ɗauki buta, ƙasar nan ce ke faɗo mini a rai. Allah ya jiƙanka, ya dawo mana da Bashir.